Rumman Ɗin Kaka Ya Yi Ganye

"Ina gajiya kuma? Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, sai da na gan ka ta motsa," in ji Kaka daga kan kujerarta a bakin ƙofar ɗaki. "Wa ya bar maka ƙofar gida a buɗe, Kunnuwa?"

Jikan nata kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke kiransa, ita kaɗai ce ke ce masa Kunnuwa tun yana rarrafe. Ya ajiye jakar kayan aikinsa a gefen matakala, ya durƙusa ya ƙarasa gaisuwar. Lokaci ne da sanyi ke haɗa kayansa amma bai gama tafiya ba. Da safe ya fito cikin rigar sanyi, kafin ya kai tashar mota rana ta buɗe har ya tuɓe ta, da ya sauka kuma ya manta da ita a kan kujera. Yanzu ga wata iska tana shigar masa ta wuyan riga.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. A tsakiyar sanyin nan Kaka ta zame a kan matakalar ƙofar kicin, har sai da aka kwantar da ita a asibiti. Babansa da Gwaggo suka ce zaman kaɗaici ya ƙare, ta tattara ta koma gidan Baba. Ta ce ba inda za ta muddin itacen rumman da marigayi mijinta ya dasa a tsakar gida yana da rai. Itacen kuwa tun farkon sanyi ya zubar da ganye. Sauran itatuwan layin duk sun fara toho, shi yana tsaye tsirara kamar sandar shanya. Jiya Baba ya kira Kafinta a waya ya ce, "Je ka duba shi. In ya mutu ka sare, mu huta da wannan hujjar."

"Mene ne wancan yake leƙowa daga jakarka?" Kaka ta tambaya tana ƙanƙance ido.

"Zarto ne."

"Zarto. Miji ya zo gaida matarsa da zarto. Mazan kirki da turare suke zuwa."

"Turaren da na kawo miki bara cewa kika yi maganin sauro ne."

"Ai na gwada shi a kan sauron. Ba su mutu ba, ƙaura dai suka yi, har yau ba sa gaishe ni."

"Tsohuwa, ni fa na daɗe da sakinki, labari ne bai iso miki ba saboda kunne ya yi nauyi."

"In kunne nake nema ai ba sai na je nesa ba, kana da na mutum uku. Iskar nan ma ka yi hankali da ita, kar ta ɗauke ka ta kai ka wani gari, a ce ni na kore ka."

Kafinta ya yi dariya ya ɗaga kai sama. Gajimare ya rufe rabin sararin, ɗaya rabin kuma rana na ƙyalli kamar ba ruwanta.

"Yanayin nan halinki ya ɗauko sak," ya ce. "Da safe fara'a, kafin a gama shan shayi masifa."

"Naka dai. Ya yi alkawarin rana ya kawo ruwa. Ina kujerar da ka ce za ka ɗaure min ƙafarta?"

"Katako nake jira."

"A shuka itacen tukuna ya girma, ko?"

"Maganar itace ce ma ta kawo ni." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. A ransa ba ya son aikin nan ko kaɗan. A gindin rumman ɗin nan kakansa ya fara damƙa masa guduma, a nan ya buge babban yatsa ya yi kuka, tsohon yana dariya yana hura masa. "Baba ya ce in duba lafiyar mara lafiya."

"Je ka duba mana," in ji Kaka, ta gyara zama ta harɗe hannuwa. "Ka gaishe shi da kyau, ya girme ka."

Ya zagaya bayan tankin ruwa, sai ya tsaya cak. Itacen da ya bari ƙashi da rai makon jiya ya yi ganye. Ba da yawa ba, amma ga su nan kore shar, nan ɗaya can biyu, har a rassan sama. Wani sanyin daɗi ya sauka a ƙirjinsa.

"Na ji ka yi shiru," Kaka ta ɗaga murya. "Ko zarton ne ya faɗo maka a ƙafa?"

"Ya yi ganye, Kaka."

"Da me ka zata zai yi, gashi? Koma ka gaya wa ubanka. Ka ce masa ni da itacena muna nan daram, shi ya kula da tumbinsa."

Kafin ta rufe baki rana ta ɓace. Iska ta taso ta kifar da kwandon wanki, yayyafi ya fara sauka tsilli-tsilli a kan kwanon rufi.

"Shigo daga ciki, kar ka jiƙe," in ji Kaka da sauri. "Ka gani ai, ya isa. Taho, mura za ta kama ka."

Nan ne zuciyarsa ta ɗarsa. Tunda yake, Kaka ba ta taɓa damuwa da murarsa ba. Matar da ya taɓa faɗawa kwata a gabanta ta ce a duba ko kwatar ta ji ciwo. Ya juyo ya sake kallon itacen. Iska ta fizgi wani ganye daga reshe, amma bai faɗi ba. Yana lilo a iska, yana juyawa kamar ɗan kunne.

Ya kama shi. Baƙin zare ne ɗaure a gindinsa, ƙulli biyu, irin ƙullin da Kaka ke yi in ta ɗinka maɓalli. Ya duba na kusa da shi, shi ma haka. Ya murza wani a yatsa ya sansana.

"Kaka."

"Na ce ka shigo."

"Wannan ganyen na shingen maƙwabta ne. Wannan na lemo ne. Wannan kuwa na'a-na'a ce, irin wadda kike sa wa a shayi."

"To sai me?"

"Itace ɗaya, ganye iri uku?"

"Kakanka gwani ne, aure ya yi masa da itatuwa da yawa. Kai me ka sani a kan itace in ba yanka shi ba?"

"Da zaren ɗinki aka ɗaura auren?"

"Kowane aure da abin da ake ɗaura shi. Namu da kai ma ai da tsumman goyo aka ɗaura."

Dariya ta ci ƙarfinsa har ya dafa tankin. Sai idonsa ya kai kan rassan sama, waɗanda shi kansa sai ya yi ɗage zai taɓa su. Ya daina dariya.

"Wa ya ɗaura na saman nan?"

Kaka ta shiga gyaran ɗankwali.

"Kaka, wa ya hau?"

"Bokiti na kifa," ta ce a hankali. "Ba wani tsawo gare shi ba."

"Da wannan ƙafar? Ke kaɗai a gida?"

Yayyafin ya rikiɗe ya zama ƙanƙara, ƙanana kamar tsakuwa, suna tsalle a kan siminti. Kaka ta yi magana tana kallon su, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Kullum da safe sai na je na shafa shi. Ido ba ya gani sosai, hannu kuma bai ji komai ba sai ƙaya. Na san ya tafi. Amma a gidan ubanka a bene za su ajiye ni, in riƙa leƙen mutane ta taga kamar hoto. Nan kuwa ko a duhu na san inda kowane cokali yake."

Ƙanƙara na dukan ƙeyar Kafinta, sai ya raɓa tsakanin itacen da katanga ya durƙusa, wurin da iska ba ta kaiwa, inda rana ke fara sauka da safe. Yana nan tsugune, fuskarsa dab da wani siririn reshe, ya ga wasu ɗige-ɗige jajaye jere a jikinsa kamar kan ashana. Ya matsa ido. Ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon reshen. Ƙarƙashinsa kore ne, ɗanye, har da danshi.

Ya haɗiye murnarsa, ya gyara murya.

"Tsohuwa, kina da jan zare?"

"Me zan yi da jan zare?"

"To akwai wanda ya yi aiki a bayan nan, kuma ya fi ki iya ɗinki. Ko ƙulli ban gani ba."

"Kar ka yi min wasa da wannan, Kunnuwa."

Kamar yadda ta zo ba sallama, haka ƙanƙarar ta ɗauke. Rana ta leƙo, tsakar gida ya hau ƙyalli, ruwa na ɗiga daga bakin rufi. Ya zo ya kama hannunta, suka taka a hankali, yana share ƙanƙarar da ƙafa daga gabanta. Ya ɗora ɗan yatsanta a kan reshen.

"Shafa a hankali. Kin ji? Ga wani. Ga wani kuma. Jajaye ne, shi ya sa ba ki gan su ba, ke kina can kina neman kore."

Yatsan nata ya bi reshen har ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. Leɓenta na motsi ba sauti. Ta ja gefen mayafi ta goge ido.

"Iskar nan ba ta da kunya," ta ce. "Sai ta cika wa mutum ido da ruwa."

"Iska ta tsaya tun ɗazu."

"Ai na san ya yi toho. Gwada ka nake yi, in ga ko makarantar da aka sa ka ta yi amfani."

"Haka ne. Shi ya sa kika ƙarar da na'a-na'ar shayinki."

"Ado na yi masa. Baƙo zai zo, a bar shi tsirara?"

"To shi ke nan. Zan gaya wa Baba itace na da rai." Ya ciro waya daga aljihu yana goge ta a jikin wando. "Sannan in ba shi labarin bokiti. Gwaggo ma za ta so ta ji."

Kaka ta cafke masa hannu da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Ɗan banza. Ni za ka tona wa asiri? Ni da na wanke ka ranar da ka yi abin kunya a gaban baƙi?"

"Ina jariri a lokacin."

"Kana tafiya da ƙafarka. Ina da shaidu."

"Duk sun tsufa, ba mai yarda da su. Ki saurara, amarya, ga sharaɗina. Gobe zan kafa miki abin dafawa a matakalar kicin da ta banɗaki. Bokiti ya koma aikin ɗiban ruwa. Ɗakin baya kuma, wanda kika cika da tsofaffin kwanuka, a share min shi. Nan zan dawo da kwana."

Ta sake shi ta ja baya tana ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe tarewa ka zo yi. Duniya ta juya, ango ne ke tarewa a gidan amarya. Da me za ka zo, gado ko kujeru?"

"Da zarto."

"Kana minshari?"

"Ba kamar naki ba. Maƙwabta sun ce sun zata injin niƙa aka kafa a layin."

"Ba zan dafa maka abinci ba."

"Alhamdu lillahi, zan yi tsawon rai."

Ta buɗe baki za ta rama, sai atishawa ta kubce masa, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Rigarsa ta manne a jiki, haƙoransa na haɗuwa, ga iskar ta sake juyowa da sanyinta. Kaka ta dube shi tsaye yana rawar ɗari da ganyen na'a-na'a maƙale a gashinsa, ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska ta kasa. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta riƙe kafaɗarsa.

"Ka ci ni yau," ta ce. "Kai ni ciki."

A ɗaki ta sa shi ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwa, ta ciro wata kwat mai kauri, ruwan toka, wadda rabon da a gan ta tun rasuwar kakansa. Ta kaɗe ta, ta ɗan riƙe ta a ƙirji, sannan ta miƙa masa.

Ya zura hannuwa. Hannun rigar ya rufe masa yatsu, kafaɗun suka zubo.

"Ta yi min yawa, Kaka."

"Mai ita ya fi ka kafaɗa," ta ce tana gyara masa wuyan. "Bar ta a jikinka. In ka daina raina girkina, kafin rumman ya nuna za ka cika ta."