Yadda Maigadi Zai Kayar da Na'urar Bakin Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar kamfani guda. Ban yi boko ba, amma na kayar da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Bi matakan nan, ba mai raba ka da bencinka. Ni na faɗa.

1. Kada ka nuna fushi

Za a kafa ta saman ƙofa. Ido ɗaya gare ta, ba ta ƙiftawa. Tana gane fuska, tana buɗewa, har magana take yi. Manaja zai ce, "Baba, ƙarshen wata sai ka huta." Ka ce, "Madalla." 'Yar'uwarta ta kori akawu tara a sama, manaja ya sayi mota ta uku. Ihu bai mayar da kowa ba.

2. Gaishe ta

Kullum da safe: "'Yar nan, an tashi lafiya?" Ka goge mata ido da hularka. Maƙiyin da ka gaisar ya fara santsi.

3. Nemo lagonta

Na ce mata, "Manaja yana nan?"

Ta ce, "Yana nan. Hawa na biyu, ƙofar hagu."

Na yi dariya har na faɗo daga benci. Ba ta iya ƙarya ba! Wa ya taɓa yin gadi da gaskiya?

4. Jira gwaggon manaja

Kowane manaja yana da gwaggo. Tamu 'ya'yanta shida, duk zaman kashe wando. Shekara takwas ina ce mata, "Gwaggo, yanzun nan ya fita." Ran nan na ce, "Tambayi yarinyar can."

5. Sha shayinka

'Yar nan ta ce yana nan, Gwaggo ta hau. Awa huɗu cur! Washegari ta dawo da 'ya'yan, da takardunsu, da tabarma. Akawu taran nan suka ji labari, su ma suka zo. Fuskokinsu na nan cikin kan na'ura, ba wanda ya tuna ya goge. Sai "Barka da zuwa" take rabawa.

6. Ja aji

Manaja ya sauko ta bayan gini, gumi sharkaf.

"Baba, don Allah ka ce musu ba na nan."

"Ranka ya daɗe, ai ni shirin hutu nake."

"Wane hutu? Wa ya ce hutu?"

"To, bencin ma ya tsufa."

Yau a kujera mai taya nake gadi. Ita kuma 'yar nan an rufe mata baki, sai kallo.

Gargaɗi

In manajanka ba shi da gwaggo, ko an koya wa na'urarku ƙarya, babu ruwana. Kada ka zo nemana. In ka zo, ni da kaina zan gaya maka ba na nan.