Sarkin Rassa a Asibitin Ido

Duk Jiddari Polo, kai har Dusuman, babu mai ilmin Malam Yoila. Shi da kansa ya tabbatar da haka, wa kuma ya fi shi sani? Tsohon akawu ne. Shekara ashirin da suka wuce aka tura shi Gembu aikin kwana tara, ya sauko daga tsaunin Mambila da mura da kuma sarautar harsuna. Murar ta warke. Sarautar ce har yau ake fama da ita.

Unguwa na kiransa Sarkin Rassa, saboda wata bishiya da ya zana a kwali mai faɗin tabarma. Saiwarta dangin Nija-Kongo, gangar jikinta Binuwai-Kongo, can sama reshen Bantoyid na arewa, a kansa kuma 'yan lelensa, harsunan Mambiloyid: Mambila, Vute, Kwanja, Wawa, Ndoro. Ka gaishe shi da "wushe", sai ya tsayar da kai a rana ya bayyana maka cewa Barbarci ba ya ma cikin bishiyar, amma ba laifinka ba ne. A coci an daina ba shi addu'ar rufewa, tun ranar da ya roƙi Ubangiji ya shiryi masanan da ke kokwanton matsayin Ndoro.

Ranar ɗaukakarsa ta zo wata Alhamis. An kawo wani tsoho daga Mambila aikin yanar ido, a ranar ƙarshe ta likitocin da suka zo yin aikin kyauta. Ɗansa ɗan sanda ne, an kira shi Konduga da sassafe, wayarsa ba ta shiga. Tsoho ba Hausa, ba Turanci. Likita ya ce ba zai taɓa idon ba sai ya ji magungunan da yake sha da kuma yardarsa, in sha biyu ta buga kuwa sai baɗi. Sista Ketura, nas ɗin da ke coci ɗaya da Sarki, ta tuna da shi. Allah ya yafe mata.

Ya iso a Keke Napep cikin kwat, rabin kwalin na reto a waje.

"A ba ni wuri," in ji shi. "Kafin a yi wa mutum magana, wajibi ne a san reshensa. Kuskure kaɗan, sai ka jefa bawan Allah cikin Vute!"

Ya kafa kwalin a gaban mutumin da ba ya gani. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ɗaga biyu, yana jiran jin ƙirga. Tsoho dai bai ga yatsun ba. Ya zuba masa ruwa a tafin hannu don ya ji sunan ruwa, tsoho ya shafe fuska da shi. Saura sunan kare. Sarki ya durƙusa ya yi haushi sau uku, na ukun har da gurnani. Masu jinya suka fara leƙowa.

"Baba, sha ɗaya da rabi fa," in ji Sista Ketura. "Maganin kawai za ka tambaye shi."

"'Yata, ni fannina rarrabewa ne. Magana kowa ma yana yi."

Ni ma ina cikin masu leƙen, amma nan dariya ta ƙare mini. Tsohon nan kwana biyu ya yi a mota don ya sake ganin gonarsa, ga shi zaune lokaci na ƙure masa.

Binta mai tallar nono, da ta zo duba yayarta a gadon kusa, ta gaji da kallo. Ta matso ta ce, "Jam na, baaba?" Tsoho ya zabura, magana ta ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Fulatanci ake ciniki da shi a kasuwannin Mambila. Kowa ya san haka, ban da wanda ya ƙare ziyararsa a gidan saukar baƙi. Cikin minti biyar an ji magani, an ji yarda, an dangwala yatsa.

"Madalla!" in ji Sarki, yana kakkaɓe gwiwar wando. "Fulatanci ma Nija-Kongo ne, reshen Atlantika. Da ma can na dosa."

Ana tura tsoho ɗakin aiki, ya riƙo hannun Binta ya yi mata raɗa. Sarki ya zaro biro.

"Me ya ce a kaina? Faɗi da ƙarfi, littafina zai shiga."

Binta ta gyara mayafi. "Cewa ya yi shi zai iya jira. Wai wannan bawan Allah mai haushi, a fara duba shi, nasa ya fi tsanani."