Tabon Kofin Shayi a Goshina

Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da na zama likitan Sin a Akurba ba. Lokacin ina sabon malamin firamare, kai cike da iska, sai na tsinci wani tsohon littafi wurin mai gwanjon littattafai a tashar motar Lafia. Magungunan Sinawan dā ne aka fassara zuwa Turanci. A ciki na karanta yadda likitocinsu suka riƙa bin ƙauyuka suna tattara sirrin magani, suna rubutawa a kan gora da siliki tun takarda ba ta wadata ba. Shi ke nan, majalisarmu ta shiga uku. Ko tari mutum ya yi sai in ce, "Ai Sinawa sun rubuta wannan." (Ko Basine ɗaya ban taɓa gani ba a lokacin.)

Abin da ya fi burge ni ƙahonsu ne. Ba tsaga, ba jini, wuta kawai za ka sa a kofi ka kifa a fata ya kama.

Ana jibi zan je Kwandere gaida mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema, ciwon kai ya sako ni gaba. Dattijon ba ya wasa da addini, kuma ya riga ya sallami manema kafin ni. Na ɗauko kofin gilashin shayina, na kunna 'yar takarda a ciki, na kifa a tsakiyar goshi. Ya kama gam! Gargaɗin tabo yana shafi na gaba a littafin, ni kuwa ban kai can ba.

Da na cire, sai ga baƙin tabo dirƙeƙe. Sabulu, man kaɗanya, jan hula ƙasa, duk a banza. Haka na hau keke na nufi Kwandere.

Baba ya dube ni ya jinjina kai. "Ticha, wannan goshi naka ya gaya mini komai. Yaro mai sujada haka, ba sai na yi bincike ba."

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na sunkuyar da kai kamar waliyyi, na ce, "Baba, sai dai addu'a." Ranar har kaza aka yanka mini.

Da na koma don sa rana, goshina fes kamar na jariri. Ga ƙannen Baba sun cika zaure. Baba ya ƙura mini ido ya ce, "Ticha, lafiya? Ka yi ritaya daga salla ne?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na tabbata Hajara ta kuɓuce mini. Na zayyana komai, littafi, kofi, wuta. Sai Baba ya fashe da dariya har da hawaye.

Ya ce, "Da ka yi mini ƙarya, da yau ka koma babu mata. Gobe kawo kofin nan, bayana yana ciwo."

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, ina kewar dariyar nan tasa. Littafin ma gara ta cinye. Amma na koyi karanta shafi na gaba kafin in kunna wuta, na kuma daina karɓar yabon da ba nawa ba. Hajara dai har yau in ta miƙo mini shayi sai ta ce, "Likita, sha za ka yi ko kifawa?"