Shuɗiyar Jarka Ta Ci Jarrabawa, Injina Ya Mutu

Jama'a, ku taya ni jaje. Injin markaɗena ya cika jiya da hantsi, da wake a bakinsa. Robobin mata na jere a ƙofar gida, shi ko ya yi tari, ya yi atishawa, ya fesa baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya, sai tsit. Abin takaicin kuma, man da ya kashe shi, shekaranjiya manya suka auna shi a gaban idona, suka ce tas yake kamar hawayen jariri.

Injin nan shi kaɗai marigayi ya bar mini. Ba gona, ba shago. Da shi nake ci, da shi kuma nake jin labarin unguwa, don ba a haifi macen da za ta tsaya jiran markaɗe bakinta a rufe ba. Da ya soma shessheƙa kwanan baya, na kira mijin 'yata, bakanike ne. Ya kwance cikin injin, ya lakato wata baƙar dauɗa ya nuna mini.

"Inna, ba tsufa ba ne, mai ne. In kika ƙara ɗura masa irin wannan, ki fara neman turmi."

Na ce, "To ina zan samo na kirki?"

"Da na sani, ai da babur ɗina bai kwana a jingine ba."

Ana haka sai rediyo ya ce an sayo mana na'ura daga wata uwa duniya. Wai in aka ɗiga mata fetur, za ta faɗi yawan farar wutar da ke ciki, da dalma, da ɓurɓushin ƙarafa, ko da kamar ƙwayar gero ɗaya ce a cikin rumbu. Wai kuma gidan mai bayan gidan mai za a bi da ita. Na yi ta dabara irin ta tsofaffi: ranar awo zan je in saya, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗauki farar gorata ta roba, na shiga layi a gidan mai, rana na dukan ƙeyata. A nan na tarar da maƙwabciyata mai kitso. Ita kam kan mace take kamawa, amma sirrin gidan macen take kwancewa. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Gwaggo, ga uwar ɗaki ta iso."

Na waiga ina neman hamshaƙiya, sai na ga ɗan acaɓa ya goyo wata shuɗiyar jarka, an ɗaure mariƙinta da jan tsumma. Ya kewaya da ita bayan ofis a hankali, kamar mai kai mai ciki asibiti.

"Matar mai babur ɗin nan ni nake mata kitso," in ji ta. "Masu gidajen mai ne suka haɗa kai suka tanade ta. Fetur ne na asali a ciki. Duk inda masu awo za su sauka, ita ke riga su isa. Jiya a gidan man bakin gada ta wuni."

Na ce, "Ashe kwanon baƙi ce. Mu 'yan gida a fasasshe za mu ci."

Can sai ga jiniya. Motar Mai Girma Sarkin Awon Abin da Ido Ba Ya Gani daban, motar na'ura daban, motar murfin na'ura daban, ta masu ɗaukar hoto na biye. Man da suka ƙona daga kwana zuwa bakin famfo, da ni aka ba wa da na markaɗa wa unguwa har jikokinta. Aka shige da su ofis, ƙarƙashin fanka, ga lemo mai sanyi. Daga nan aka miƙo wa mai zuba mai wata 'yar kwalba ya ɗebo abin gwaji. Bawan Allah ya wuce famfo yana sunkuyar da kai kamar ya haɗu da surukinsa, ya ɓace bayan ofis, ya dawo da kwalba tana ƙyalli.

Sai aka fito da tebur. Fararen riguna, safar hannu, tabarau. Aka ɗiga wa na'ura, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta yi kukan ɗan tsako. Sarkin Awo ya gyara murya: farar wuta 'yar kaɗan, dalma babu ko alama. Aka tafa. Mai gidan mai ya fi kowa mamaki, har da dafe ƙirji.

Ni lokacin layi ya kawo kaina, an cika mini gorata daga famfo. Na ɗaga ta a rana. Sama fetur, ƙasa wani ruwa ya kwanta abinsa, ga jan gari yana yawo kamar an wanke tsohon kwano. Na kutsa na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga nawa, yanzu ya fito daga famfo. A ɗan ɗiga wa baiwar Allah ta gani."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Iya, wannan na'ura ba ta wasa ba ce. Abin da ido ba ya gani take aunawa."

"To wanda ido ke gani fa, Yallaɓai?"

"Wannan ba ɓangarenmu ba ne. Za a kafa masa kwamiti."

Wani mai farar riga ya matso ya yi mini raɗa, wai in yi haƙuri, in aka sa mata mai datti lalacewa take yi. Na ce Allah sarki, ashe ciwonsu ɗaya da injina. Bambancin kawai, ita tana da masu tsaya mata.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da za su tafi, mai gidan mai ya yi abin arziki, ya ce a cika wa manya tanki. Mai zuba mai ya jawo tiyo. Wallahi ban taɓa ganin ƙato ya yi tsalle irin na direban Sarkin Awo ba. Ya dafe bakin tanki da hannu bibbiyu, kamar uwa ta ga ɗanta zai haɗiyi allura.

"Kai, rufa mini asiri. Motar Yallaɓai ba ta shan na famfo."

Wanzami dai ba ya son jarfa.

Za ku ce to me ya kai ni? Washegari mata sun jiƙa wake tun safe suna jira, in na sake mayar da su, gidan mai injin lantarki za su koma, ba kuma za su dawo ba. Sannan ni wace ce, da 'yan ajina na yaƙi da jahilci, da zan ƙaryata na'urar da ke da motar kanta? Na tace man da tsohon kallabi, na bar na ƙasan a gora, na yi bisimilla na zuba. Sauran kun ji.

Mijin 'yata ya zo ya leƙa, ya mayar da murfi, ya goge hannu. Da la'asar sai ga shi da turmi a ka.

Ni ban zargi kowa ba. Manya sun ce mai lafiyarsa ƙalau, saboda haka injina ne bai ji sanarwa ba. Laifin ƙararsa ne, kullum sai ta danne rediyo. Na lulluɓe shi da zane a zaure, matan sun kwashe robobinsu, sun tafi da labaran unguwa duka.

Mai kitso ta ce uwar ɗaki gobe gidan man bayan kasuwa za ta sauka. Zan je in gaishe ta. A garin nan kaf, ita kaɗai ce aka auna aka samu ba ta da komai a ciki, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa bin layi ba.