Gonar Ƙarshen Layi

A Dajin Marke yunwa ta daɗe tana yi wa dabbobi sallama, har ta gaji ta koma shigowa kai tsaye. Abin mamaki, ruwa yana sauka, ƙasa ba ta tsufa ba, kuma mulki yana hannun Jam'iyyar Gurguzu, wadda ta rantse ba mai sake kwana da yunwa.

Da can Zaki ne sarki. Da ya ga iska ta juya, sai ya kira wanzami ya aske masa geza ƙwal, ya fito ya ce sarauta ta mutu, shi yanzu Shugaban Jam'iyya ne. Aka hana cewa "ranka ya daɗe", sai dai "Kwamared". Durƙuson dai ba a hana ba. Ita kuwa geza ba ta san an yi juyin juya hali ba, tohowarta take yi, duk ranar kasuwa sai an bi ta da aska.

Doka ta ce ba mai cewa "gonata". Gona ta kowa ce, sai dai a ce "gonarmu ta ƙofar wane", abin da ta haifa kuma ya shiga rumbun wannan ƙofa. Noma duk gayya ne: a taru yau a ƙofar wannan, gobe a ƙofar wancan, har a zagaye daji. Wanda aka kama yana noma shi kaɗai, ɗan jari-hujja ne. Layi yana farawa daga ƙofar Shugaba, sai ta Kura Tasalla, sakatariyar jam'iyya, sai ta danginta, kuma Allah ya yi mata dangi. Mai tambayar abin da zaki zai yi da gero, ya je ya dubi zabin gidansa yadda suka yi ɓul-ɓul.

A can wutsiyar layi akwai wani tsohon gyado, wato aladen daji, mai suna Barmo. Ba wanda ya kai shi son gurguzu. Shi ne farkon zuwa gayya, ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba kamar yadda gyadaye ke yi, ya yi ta tono yana waƙa. Amma duk shekara, kafin layi ya iso ƙofarsa, marka ta sauka, ciyawar harƙiya ta shanye gero, kaka ta yi. Damina na dawowa sai a sake farawa daga kai. Bana kuwa ragowar irin da ya gada ya shuka, ɗan ƙoƙo guda. In ciyawa ta cinye shi, shi da 'ya'yansa sai bara.

Maƙwabciyarsa, tsohuwar jaka Inna Ladingo, ta same shi yana kallon tsiron.

"Barmo, ka sa hauren nan naka ka ɗan tone mana, wa zai gan ka?"

"Haba Inna, in yi jari-hujja da tsufana? Majalisa zan je. Na tabbata mantuwa ce."

"Mantuwar da ba ta taɓa mance ƙofar Kura ba," in ji ta, ta kaɗa kunne ta wuce.

Ranar majalisa, a gindin marke, Barmo ya durƙusa.

"Kwamared Shugaba, tambaya gare ni, ta jahili. Wai mun iso gurguzun ne, ko muna hanya?"

Zaki ya shafa inda geza take a da, ya dubi Tasalla.

"Madalla da tambaya!" in ji Kura. "Kwamared Barmo, mun iso, kuma muna hanya. Wa ke mulki? Jam'iyyar Gurguzu. To, dajin da Jam'iyyar Gurguzu ke mulki, dajin me za a kira shi? Sai dai gurguzu hawa-hawa ne. Ana farawa da ƙoshin shugabanni, don su sami ƙarfin hango ƙoshin talakawa. Kuma wallahi muna hango shi, ga shi can yana tafe!"

Dangin Kura suka yi tafi. Wasu har suka miƙa wuya suna hangen.

"To, alhamdu lillahi," in ji Barmo. "Tunda gonar duk tamu ce, ba bambanci tsakanin kai da wutsiya, ina roƙo bana a fara daga wutsiya."

Kura ta matsa ta yi wa Zaki raɗa, raɗar ta yi tsawo. Can Zaki ya miƙe, idonsa har da ƙwalla.

"Wannan tsoho ya fi mu duka fahimtar aƙida. Daga yau layi ya juya. Wutsiya ce farko, ƙofar kai ce ƙarshe, har abada!"

Kashegari gangar noma ta tashi a ƙofar Barmo. Jakuna, ɓauna, gada, har bushiya da 'yar fartanyarta. Aka yi noman firi, aka dawo aka yi maimai, aka zuba taki. Ƙasar da ta shekara da shekaru tana hutawa ta ba da gero wanda daji bai taɓa ganin irinsa ba, kara kamar gora, zangarniya kamar wutsiyar doki. Barmo ya riƙa zagayawa yana gaida kowace shuka da suna. Gonar ƙofar Shugaba kuwa, da yake yanzu ita ce ƙarshe, harƙiya ta kai ƙirji.

Gero na gab da nuna, sai ga Tasalla da 'yan dako ɗauke da shimfiɗun Zaki da akurkin zabinsa.

"Kwamared Barmo, albishirinka! Shugaba ya ce ba zai iya zama a kai ba talakawa na wutsiya. Ya ƙasƙantar da kansa, zai tare a nan. Kai kuma an ɗaukaka ka, an ba ka ƙofar fada."

"To, geron nawa fa?"

"Naka?" Kura ta dafe ƙirji. "Kwamared, ban ji ba. Sake faɗa."

"Geronmu," in ji Barmo.

"Yauwa. Yana nan a ƙofarsa."

Haka Barmo ya kwashi 'ya'yansa ya tare a tsohuwar fada. Zaure babba, iska mai daɗi, ciyawa har bakin ƙofa. Ko ƙwayar iri ba a bar masa ba.

Da damina ta zagayo, ganga ta tashi daga wutsiya, inda Shugaba yake, bisa dokar har abada. Barmo ya fito zai tafi, don ya saba. Sai ya tarar da Inna Ladingo tsaye cikin gonar ƙofarsa, ta ajiye ƙoƙon iri a ƙasa. Bayanta jakuna, ɓauna, gada, da bushiya da 'yar fartanyarta.

"Inna, ba ku ji ganga ba?"

"Mun ji. Yau nan, gobe ƙofata, jibi ta bushiya. Durƙusa mu fara."

Ba a jima ba Tasalla ta iso a guje, tana haki.

"Me nake gani? Gayya ba izinin jam'iyya? Ku maƙiyan gurguzu ne! Wannan ba gurguzu ba ne!"

"To, Kwamared," in ji Inna Ladingo, ba ta ko ɗago kai ba, "mu ba mu san sunansa ba."

Barmo ya dubi Kura, ya dubi ƙoƙon iri. Sannan ya durƙusa bisa gwiwoyinsa na gaba. Kura ta gyara tsayuwa tana jiran gaisuwa.

Sai ya sa haure a ƙasa.

Can nesa ganga tana ta kira.