Norris Ya Zaɓi Babbar Kotu

Yau da safe an sa ni na kurɓi shayina a gaban wani ƙato mai gadi, wai don ya tabbatar ba guba na zo da ita babbar kotu ba. Na kurɓa, ya ƙona mini harshe, ya ce in wuce. A lokacin ɗamarar wandona tana cikin tire, hannuna ɗaya yana riƙe da wandon. Duk wannan wulaƙanci saboda maƙwabcina Norris Hebden na sha shi.

Norris shi ne dattijon da ke tsallakar da 'yan firamare titi a unguwarmu, da rigarsa ruwan ɗorawa da sandarsa mai allo. Wata Asabar ya kai shara jujin hukuma, ya ga an jefar da wani baro mai karyayyar ƙafa, ya ɗauka zai gyara. Ashe a garin nan duk abin da ya faɗa kwandon juji ya zama dukiyar hukuma. Hukumar da ramin titinmu ya fi ƙarfinta sai ga ta da kishin baro. Aka kira 'yan sanda, aka ce sata ce, aka karɓe sandar Norris, domin mai aiki da yara ba ya zama da tuhuma a wuya. Aka ce in kotu ta wanke shi ya dawo.

To, ka san yadda masu hikimarmu suka kasa laifi kashi uku. Ƙanana, irin gudu da mota da zagi a mashaya, na ƙaramar kotu ne, inda mutum uku 'yan gari suke zama ba albashi, yawanci da wani likitan haƙori mai ritaya a tsakiya. Manya, kisa da fashi, na babbar kotu ne, mai alƙali da hular gashin doki da mutum goma sha biyu da ake tsamowa daga gari su yanke hukunci. Sai na tsakiya, wanda sata take ciki. Shi wannan ana tambayar mai laifin ne inda yake so a yi masa shari'a, kamar mai zaɓen kujera a jirgi.

Na raka shi ƙaramar kotu a wancan karon. Matarsa Glenda ta ja shi gefe ta ce, "Don Allah Norris ka bari a gama a nan. Mutanen nan ko makafi ne sun san ba ɓarawo ba ne kai."

Ya ce, "Ni likitan haƙori zai wanke? Kakana ya yi yaƙi don talaka ya tsaya gaban 'yan uwansa goma sha biyu. Su za su ji ni!"

Ta ce, "Kakanka dankali ya fere wa soja."

Bai ji ba. Girman kai rawanin tsiya. Aka sa masa rana a babbar kotu, aka ɗage, aka sake ɗagewa, har yaran da yake tsallakarwa suka shiga sakandare. A tsakanin nan shugaban gwamnatinmu, Mai Girma Sarkin Alkawari, ya fito a talabijin sau ba adadi yana cewa adalci zai zo da gudu. Allah ya ja zamaninsa, ya cika magana, sai dai bai faɗi inda adalcin ya nufa ba. Norris kuwa kullum yana lambun bayan gidansa yana bitar jawabinsa gaban kabeji, har ni na haddace ta katanga.

Yau muka zauna a benci tun safe. Ɗakin shari'a ɗaya a rufe, rufi yana yoyo. Wani akwai alƙali babu lauya. Na ukun akwai kowa, amma motar kurkuku ta kai mai laifin wani gari daban. Sai bayan azahar aka kira mu.

Wata lauyar gwamnati ta miƙe, da gani yau ta fara jin sunan Norris. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin jujin ya bar aiki, an rasa inda yake. Ba mu da shaidar da za mu gabatar."

Alƙali ya ce, "Mista Hebden, ba ka da laifi. Kana iya tafiya."

Norris ya dubi kujerun nan goma sha biyu, wayam. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina mutanen?"

"Ba a buƙatarsu."

"Amma ban yi magana ba."

"Ka ci shari'a, Mista Hebden. Na gaba!"

Wallahi sai da ya ba ni tausayi, tsaye da kwat ɗin aurensa baki buɗe, har masinja ya kamo gwiwar hannunsa.

A bas ya ɗan farfaɗo, ya ce gobe da sassafe zai je ya karɓo sandarsa. Muna cikin haka muka zo daidai makarantar. Sai ga fitila ja da kore an kafa a inda yake tsayawa. Norris dama ya daina bin hanyar don kunya.

Glenda ta ce, "Tun bara suka soke aikin, Norris. Sun ce tunda an yi shekaru ba kowa a wurin, ashe ba a buƙata. Na kasa faɗa maka."

Ba ga tsuntsu ba ga tarko. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya miƙe, ya kama ƙarfen bas, ya gyara murya, ya ce, "Ya ku 'yan uwana mutanen garin nan, ni ba ɓarawo ba ne." Ya zuba jawabin nan kaf, fasinjoji suna kallon takalmansu. Da ya gama, wata tsohuwa mai jakar cefane ta ce, "Mun ji, ɗan nan, ba ka da laifi. Zauna kada ka faɗi." Ya zauna.

Ban ƙirga ko sun cika goma sha biyu ba. Amma ina ba masu girma shawara kyauta, su mai da shari'ar ƙasar nan cikin bas. Ita ma tana latti, amma takan iso.