Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Dakta

Da zuciya cike fal da baƙin ciki ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa aron cajarta bai mayar ba, rasuwar Gwaggo, kwamfutar tafi-da-gidanka ta Dakta, mai binciken ciwon mantuwa a hawa na uku na ginin bincike. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje, tana da shekara tara a duniya, wanda a lissafin kwamfutoci ta ga jika ta ga tattaɓa-kunne.

Marigayiya ta shigo hannun Dakta tun tana neman digirin digirgir. Tare suka gama, tare suka faɗa wannan rayuwa ta bayan digiri, inda mutum ya wuce ɗalibi amma bai kai malami ba, kwantiragin shekara bibbiyu, kullum akwati a ɗaure. Aikinsu shi ne duba dubban sinadaran furotin da ke yawo a jinin mutane, a haɗa da ƙwayoyin gadon da suka ɗauko daga iyaye, ko a gane wa mantuwa ke jira idan tsufa ya zo. Dakta ke shan tafi a taro, amma kowa ya san mai yin lissafin.

Ta samu sunan Gwaggo ne saboda yadda take tashi. In an danna ta sai ta yi nishi, "uhmmm," ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta buɗe ido. In aka ɗora mata aiki mai nauyi fankarta ta kama "fuuu" ke nan har a tashi. Mai haƙuri ce ƙwarai. An zuba mata shayi a jiki sau biyu ba ta riƙe kowa a zuci ba. Ta ajiye takardu goma sha ɗaya masu suna "na ƙarshe," ba ta taɓa tambayar wanne ne na gaskiya ba.

Babban halinta shi ne riƙon amana, kuma a nan dole a faɗi abin da 'yan ɗakin suka sani suka yi shiru. Mahaifiyar Dakta na fama da ciwon nan da 'yarta ke bincike a kai. Shekara biyu da suka wuce, ranar da aka jera jinin mutum ɗari huɗu za a gwada, Dakta ta ƙara kwalba ɗaya a ƙarshen layi, ba lamba ba suna. Jininta ne, ita Dakta. Da sakamako ya fito ba ta kai shi babbar ma'ajiyar ofis ba, don doka ba ta yarda da haka ba. Ta miƙa wa Gwaggo, ta ajiye a kusurwar allo. Kullum da safe sai Dakta ta kai linzamin kwamfuta kan fayil ɗin sakamakon, ta tsaya, ta janye. Tsoro take ji, ba wani abu ba. Gwaggo kuwa ta san amsar, ba ta taɓa ko gyaran murya ba.

Jinyar ajali ta fara da zazzaɓi. Makon jiya aka ba ta lissafin kwana shida ba hutu, jikinta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Dakta, mai digiri uku, ta buɗe firizar ajiye jini ta ɗauko ƙullin ƙanƙarar da ake sanyaya kwalabe, ta shimfiɗa wa tsohuwa ta kwanta a kai. Abokin teburinta ya ce anya, ta ce ai haka ake yi wa duk abin da ke da daraja a ɗakin nan. Kwana biyu Gwaggo ta ji daɗi, fanka ta yi laushi, har ana cewa ta samu sauƙi. Ashe raɓar sanyin nan tana tsattsafowa cikinta a hankali. Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙit," sai allo ya yi baƙi.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami mai dannuwa a gefe guda, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya. Bayanan aiki suna nan lafiya a ma'ajiyar ofis. Farfesa, shugaban ɗakin, sai da ya tabbatar da haka kafin ya yi gaisuwa.

Mai gyara ya duba gawa ya ce ba tashi, amma ma'ajiyar cikinta ba ta jiƙe ba, in an ba shi rabin awa zai kwaso komai. Dakta ta daɗe tana kallon madannin Gwaggo wanda yatsanta ya goge harafinsa. Ta san jini na nan a jikinta, allura ba ta ƙare a duniya ba, duk ranar da ta shirya za ta iya sake tambaya. Sai ta ce, "Malam, rufe ta. Shekara biyu ta riƙe min ba ta faɗa ba, ba ni zan sa a fasa cikinta ba."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a ɗakin tara tsofaffin na'urori da ke bayan matakala, inda za a niƙa ma'ajiyarta bisa ƙa'ida. Ana roƙon masu kawo shawarar da ta wuce lokaci su bar ta a gida.

Zaman gaisuwa a gidan Dakta ne, a falo, inda Mama, mahaifiyarta, ke zama kusa da taga. An sanar da ita rasuwar sau huɗu, kowane karo sai ta kama hannun Dakta ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Iyayenki na kusa?" Dakta takan ce mata suna kusa. Ana roƙon masu zuwa, in Mama ta tambayi wa ya rasu, a faɗa mata, in ta sake tambaya a sake faɗa mata.